Lambun yara: inda hannu yake koya wa kai

1. Ƙannenku ma ɗalibai ne

Yara, kusan kowanenku yana da ƙane ko ƙanwa a gida wanda bai isa shiga makaranta ba. In kun taso yau, ku tsaya ku dube shi. Za ku iske shi zaune cikin rairayi, yana cika gwangwani yana zubarwa. Ko ya samo laka daga bakin rijiya yana gina raƙumi. Ko yana feƙe kara yana yin mota. Manya sukan ce wasa yake yi. Gaskiya ne, amma cikin wasan nan koyo yake. Ya gane busasshen rairayi ba ya ginuwa, sai an jiƙa shi. Ya gane laka in ta sha rana takan yi tauri. Ba wanda ya faɗa masa. Hannunsa ne ya koya masa.

Wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ya lura da wannan hali na yara. Ya buɗe makarantar ƙananan yara a ƙasar Jamus, a shekarar 1840 ya sa mata suna lambun yara. Ya ga yaro kamar tsiro yake, yana son ruwa da rana da kulawa. A shekarar 1907 wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe tata a birnin Rum, ƙasar Italiya. Yau akwai irin waɗannan makarantu ko'ina a duniya, har da Yamai da Damagaram. Da Faransanci ana kiran su jardin d'enfants.

A wannan darasi za mu leƙa lambun yara na wasu mutane da ke nesa da mu, wato Yahudawa. Yawansu a duniya ya ɗan haura miliyan 15. Mafi yawansu suna zaune a Isra'ila da Amurka, wasu a Faransa da sauran ƙasashe. Harshen addininsu shi ne Ibrananci. Da wannan harshe sunan makarantar ƙananan yara gan yeladim, ma'anarsa ita ma lambun yara.

Kamar yadda muke da ƙaramar Salla da babbar Salla, su ma suna da bukukuwansu. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ba ya iya karanta tarihin biki a littafi. To, yaya malamarsa za ta yi? Sai ta ba shi abin da zai taɓa, ya gina, ya shuka, ya kwaɓa. Da haka yana koyon labarin kakanninsa, yana kuma koyon yadda abubuwan duniya suke aiki. Za mu duba bukukuwa huɗu. Kowane ɗaya yana tafe da gwajin da za mu iya yi a nan Falanko, da kayan da ke gidajenmu.

2. Mu fara da wata

Yahudawa da wata suke ƙirga kwanaki, kamar Musulmi. Wata yakan yi kwana 29 ko 30. Wata 12 sun ba da kwana 354. Shekarar rana kuwa, wadda manomi yake bi, kwana 365 ce. Bambancinsu kwana 11. Shi ya sa azumi yake matsowa gaba kowace shekara: wani lokaci ya zo cikin sanyi, wani lokaci cikin bazara, wani lokaci cikin damina.

Yahudawa suna son kowane biki ya tsaya a lokacinsa, na kaka a kaka, na sanyi a sanyi. Saboda haka sukan ƙara wata na 13 a wasu shekaru. Cikin kowace shekara 19, sau 7 suke yin wannan ƙari.

Gwaji. Daga ranar da aka ga sabon wata, ku fita tsakar gida kowane dare ku duba sama. Ku zana siffar wata cikin kaye, ku rubuta kwanan a ƙarƙashi. A dare na nawa ya yi rabi? A dare na nawa ya cika? Bayan ya cika, da wane lokaci yake fitowa? Ku riƙe wannan: uku daga cikin bukukuwan da za mu gani suna faɗawa ran 15 ga wata, wato da farin wata.

3. Bikin bukkoki: inuwa da zafi

Wannan biki sunansa Sukkot, wato bukkoki. Yana zuwa cikin Satumba ko Oktoba, lokacin da mu nan Damargu muke girbin hatsi muna ɗaure dammuna. Kwana 7 ake yi. Iyali sukan kafa bukka a tsakar gida, su ci abinci a ciki, wasu har su kwana. Suna tuna shekara 40 da kakanninsu suka yi cikin hamada, bayan sun fito daga Masar tare da Annabi Musa. Suna kuma godiya don amfanin gona.

Rufin bukkar yana da ƙa'ida. Sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke, kamar reshe ko ganyen dabino ko kara. Inuwa ta fi rana yawa a ciki, amma akan bar ƴan kafofi don a hangi taurari da dare. A lambun yara, malama takan kawo sanduna da ganye. Yara su yi ta ɗorawa suna saukewa, su shiga ciki su duba ƙasa: inuwa ce ta fi yawa ko rana?

Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Muna da rumfa, muna da zana, muna ganin bukkokin Fulani da tantunan Abzinawa. Amma kun taɓa auna aikin da rumfa take yi?

Gwaji. Ku kafa ƙaramar rumfa da kara a filin makaranta. Ku samo faranti biyu iri ɗaya. Ku zuba kofi ɗaya na ruwa a kowane. Ku ajiye ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ɗaya a rana. Da azahar ku sa yatsa cikin kowane. Da la'asar ku mayar da ruwan cikin kofi ku gani. Na rana ya fi zafi, ya kuma fi raguwa. Zafin rana ne ya mai da shi tururi, ya bi iska. Haka rana take shanye tabki bayan damina. Haka kuma take shanye laimar gonar da ba ta da itace ko ɗaya.

Ku kuma kafa sanda a tsaye. Da safe, da tsakar rana, da yamma, ku auna tsawon inuwarta da taki. Yaushe ta fi gajarta? Wane gefe take kwantawa da safe?

4. Bikin fitilu: mai, ruwa da iska

Wannan sunansa Hanuka. Yana zuwa cikin sanyi, ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. A shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, Yahudawa suka ƙwato babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus daga hannun wani sarkin Girkawa da ke mulkin Sham. A labarin da suka gada, sun iske man zaitun mai tsarki ɗan kaɗan, wanda zai ishi fitila kwana ɗaya tak, amma ya ci har kwana 8. Shi ya sa suke kunna fitilu dare 8. Daren farko ɗaya, dare na biyu biyu, har a kai takwas. Akwai kuma fitila ta tara, da ita ake kunna sauran. A kwanakin nan akan ci abincin da aka soya da mai. Yara kuma suna murza wani abin wasa mai gefe huɗu, mai juyawa kamar katantanwa.

A lambun yara ba a ba ƙaramin yaro wuta. Mai da ruwa ake ba shi, ya haɗa, ya girgiza, ya zuba ido.

Gwaji na farko. Ku zuba ruwa rabin kwalba, ku ƙara cokali uku na man gyaɗa. Ku toshe baki ku girgiza da ƙarfi, sa'an nan ku ajiye. Da fari sai ku ce sun haɗu. Jim kaɗan mai ya taru a bisa. Ku kifa kwalbar, ya sake hawa. Dalili shi ne mai ya fi ruwa rashin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta man gyaɗa kuwa ba ta kai kilo ba.

Gwaji na biyu, wannan malam ne kaɗai zai yi, ku kuna kallo. Zai murza auduga ya yi lagwani, ya sa cikin ɗan kasko mai man gyaɗa, kamar fitilar aci-balbal ta kakanninmu. Ku lura, mai yana hawa lagwani da kansa, yana ciyar da wuta. Sa'an nan malam ya kunna guntun kyandir, ya kife kwalba mai faɗin baki a kansa. Ku yi ƙirga da ƙarfi har wutar ta mutu. Ya sake da kwalbar da ta fi girma. Wace ce ta fi daɗewa? Wuta tana bukatar wani sashe na iska, wanda shi ne muke shaƙa mu rayu. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na iska. In ya yi ƙaranci, wuta ta mutu.

Wannan ilimi yana ceton gida. In mai ya kama wuta a kasko wajen suyar ƙosai, ba a zuba masa ruwa. Ruwa zai nutse ƙasa, ya tafasa nan take, ya watsa mai mai wuta ko'ina. Rufe kaskon ake yi da murfin ƙarfe, a hana wutar iska. Ku tuna, lokacin hunturu kara ya bushe, iska tana kaɗawa, rumbuna cike suke da hatsi. Ashana guda a hannun yaro tana iya cinye abincin shekara. Kada ku gwada wuta a gida, kada kuma ku bar ashana inda ƙannenku za su kai hannu.

5. Bikin itatuwa: me iri yake so?

Wannan sunansa Tu Bishebat, wato 15 ga watan Shebat. Yana zuwa cikin Janairu ko Fabrairu. Suna kiransa sabuwar shekarar itatuwa. A ranar akan ci ƴaƴan itace kamar dabino da ɓaure da zabibi. Ƴan makaranta kuma su fita su dasa itatuwa.

Za ku ce, wa yake dashe cikin Janairu? A ƙasar Isra'ila da maƙwabtanta, ruwan sama cikin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuwa ba ruwa. Mu namu ruwan cikin damina yake. Shi ya sa a Nijar, tun shekarar 1975, ran 3 ga Agusta ake fita dashen itatuwa. Rana daban, dalili ɗaya: kowa yana dasa itace sa'ad da ƙasarsa take da laima.

A lambun yara kowane yaro yakan samu ɗan gwangwaninsa da irinsa. Kullum da safe yakan ruga ya duba. Wani har yakan tone ya gani ko ya tsiro! A nan yake koyon haƙuri.

Gwaji. Ku samo gwangwani huɗu, ku cika da ƙasa, ku sa ƙwayar wake biyar a kowane. Ku rubuta lamba a jikinsu.

Na 1: kada ku zuba ruwa ko kaɗan.
Na 2: ku huda gindinsa, ku riƙa yayyafa ruwa kullum, ku ajiye inda haske yake.
Na 3: kada ku huda, ku cika shi da ruwa har ya kwanta bisa ƙasar.
Na 4: ku yi masa kamar na 2, amma ku kife tukunya a kansa.

Kafin ku ga sakamako, kowa ya rubuta abin da yake tsammani. Bayan mako guda ku duba. Na 1 yana nan yadda aka sa shi, yana jira. Haka irin da baba yake binnewa kafin ruwan fari yake jira cikin busasshiyar ƙasa. Na 2 ya tsiro, kore shar. Na 3 ya ruɓe, domin ruwa ya kore iskar da ke cikin ƙasar, iri kuwa yana numfashi. Na 4 ya tsiro, amma dogo ne, siriri, fari-fari, ba ƙarfi. Ashe iri yana son ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro, tsiro kuma yana son haske kafin ya yi ƙarfi.

Damargu ƙasar hatsi ce, amma tana bakin hamada. Itace yana tare iska, saiwarsa tana riƙe ƙasa. Ku dubi gawo: da damina yakan zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da abinci. Yaron da ya rena wake a gwangwani, in ya girma ba zai sare ɗan gawo a gona da wasa ba.

6. Bikin ƙetarewa: me ke tada ƙullu?

Wannan sunansa Pesah. Yana zuwa cikin Maris ko Afrilu. Kwana 7 ake yi a Isra'ila, kwana 8 a sauran ƙasashe. Ana tuna daren da Bani Isra'ila suka fita daga bautar Fir'auna. Kun san wannan labari, domin Musulmi ma suna tuna kuɓutar Annabi Musa da azumin Ashura, ran 10 ga Muharram. A labarin Yahudawa, mutanen sun fita da gaggawa, ba su jira kwaɓin gurasarsu ya tashi ba. Saboda haka a kwanakin bikin ba sa cin burodi mai yisti. Wata gurasa suke ci, falle-falle, mai suna matsa, gari da ruwa kawai. Daga zuba ruwa a gari zuwa gashi ba a bari a wuce minti 18, don kada kwaɓin ya fara tashi.

Gwaji. Ku kwaɓa garin alkama da ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Ku raba biyu daidai. Ku sa rabin cokali na yisti cikin ɗaya. Ku zuba kowane cikin kofinsa, ku yi alama da alli inda ya tsaya. Ku rufe, ku ajiye wuri mai ɗumi. Bayan awa ɗaya ku duba. Mai yisti ya wuce alama. Ku tsaga shi, za ku ga ƴan ramuka birjik. Yisti abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai. Yana cin sukari yana fitar da wata iska, iskar ta rasa hanyar fita, sai ta kumbura kwaɓin. Ku tambayi inna: don me take barin ƙullun masa ya kwana? Don me yake saurin tashi da bazara, yake nawa da sanyi?

Akwai wani abu a wannan biki da ya kamata ku sani. A daren farko iyali sukan zauna cin abinci tare. Kafin a ba da labarin fita daga Masar, auta ne yake yin tambayoyi huɗu a kan abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare. Tun a lambun yara yake koyon su. Wato an ba ƙaramin yaro aikin tambaya. Mu ma muna da wannan a bakinmu: matambayi ba ya ɓata.

7. Abin da za mu riƙe

Kowane gari da al'adarsa, kowace al'umma da bukukuwanta. Sanin al'adar wasu ba ya rage tamu da kome. Abin da muka ɗauko daga wannan ziyara dabara ce: yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa. Gani ya kori ji. In an faɗa masa, gobe ya manta. In ya shuka da kansa, ya ga tsiro, ya zauna masa ke nan.

Ba kowane ƙauye ne yake da lambun yara ba. Amma kowane gida yana da wa ko ya. Ku ne malaman ƙannenku na fari. In ƙanenku ya tambaye ku don me wata yake binmu, ko ina ruwan tabki ya tafi, kada ku kore shi. In kun sani, ku nuna masa. In ba ku sani ba, ku ce masa: zo mu gwada.

Sabbin kalmomi

Gwaji: yin abu da hannu don a ga abin da zai faru.
Sakamako: abin da gwaji ya nuna.
Tururi: ruwan da zafi ya mai da shi kamar iska.
Lagwani: zaren da ke jawo mai zuwa wutar fitila.
Yisti: ƙanƙanen abu mai rai da ke sa kwaɓi ya tashi.

Tambayoyi

1. Wa ya sa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara? A wace shekara?
2. Don me azumi yake zagaya lokutan shekara, amma bikin bukkoki kullum a kaka yake zuwa?
3. Don me ba a zuba ruwa a man da ya kama wuta?
4. Don me waken gwangwani na 3 ya ruɓe?
5. Don me muke dasa itatuwa cikin Agusta, ba cikin Janairu ba?

Lissafi

1. A bikin fitilu, daren farko ana kunna kyandir 1, na biyu 2, har dare na 8. Kowane dare kuma ana ƙara 1 na kunnawa. Kyandir nawa ake bukata duka?
2. In Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, da kwana nawa za ta matso cikin shekara 3? Wajen shekara nawa za ta yi kafin ta zagayo inda ta fara?

Aiki

Ku zaɓi biki ɗaya namu, ƙaramar Salla ko babbar Salla ko ranar dashen itatuwa. Ku nemo wasa ko gwaji, wanda ba wuta ba wuƙa a ciki, da zai koya wa yaro ɗan shekara 4 wani abu a kan bikin. Ku yi shi tare da ƙanenku ko ƙanwarku. Ku rubuta tambayoyin da ya yi muku, ku kawo aji ran Litinin.